Zubin Sigina: Dalilin da Tsohuwar Dabara ke Kayar da Sababbi Daga 4G Zuwa 6G

Duk wayar da ke kama sabis ɗin 4G ko 5G a yau, a Kano take ko a Tokyo, tana ɗora bayananta a kan igiyar rediyo ne bisa wata dabara da injiniya Robert Chang ya fara bayyanawa a cibiyar bincike ta Bell da ke Amurka a 1966. Masana suna kiran dabarar OFDM. Ta haura shekara hamsin a duniya, kuma babu aibinta da ba a sani ba. An rubuta su, an auna su, an yi digirori a kansu. Duk da haka, da ƙungiyar 3GPP mai tsara ƙa'idojin wayar salula ta zauna a 2016 domin zaɓar wa 5G zubin sigina, an kawo mata sababbin dabaru da dama, kowace da hujjarta, amma ta koma ga OFDM. A 2025 kuma, da aka fara nazarin 6G, sai ta sake amincewa cewa OFDM da wani ƙaninsa su ne tushen da za a yi gini a kai. Masu bincike da yawa sun ga wannan a matsayin tsoron sabon abu. A ganina hukuncin ya yi daidai, kuma ba don ana cewa da tsohuwar zuma ake magani ba. Ya yi daidai ne saboda ba a kan takarda sigina ke rayuwa ba. Dole ya bi ta cikin na'ura mai araha da ke cin batir, ya ratsa gari, ya isa ƙarfen sabis, kuma a wannan tafiyar ce sababbin dabarun suka zubar da mafi yawan fifikon da suka zo da shi.

Igiyar rediyo da ba a taɓa ba ba ta ɗauke da komai. Kaɗawa ce kawai, sau miliyoyi ko biliyoyi a cikin sakan guda, kuma yawan kaɗawar ne ake kira mitar igiyar, ana auna ta da haz. Kafin ta ɗauki saƙo sai an riƙa sauya ƙarfinta ko lokacin tashin kaɗawarta, gaɓa bayan gaɓa, kowace gaɓa da 'yan lambobin da take wakilta. Zubin sigina shi ne tsarin waɗannan gaɓoɓi: tsawon kowace, yadda take farawa da yadda take ƙarewa, da kuma ko za a aika su ɗaya bayan ɗaya ne ko da yawa a lokaci guda. GSM, wanda ya shigo Najeriya a 2001, yana amfani da hanya guda mai faɗin kilohaz 200, mutum takwas suna karɓa-karɓa a kanta. 3G ya buɗa hanyar zuwa megahaz 5, ya bar kowa ya yi magana a lokaci guda, ana bambance su da lambobin sirri. 4G, wanda kamfanin TeliaSonera ya fara sayarwa a biranen Stockholm da Oslo a Disambar 2009, shi ya kawo OFDM cikin aljihun mutane. Akwai abin da ya kamata a riƙe tun daga nan. A 1948 Claude Shannon ya tabbatar da lissafi cewa kowace hanya tana da iyakar bayanan da za ta iya ɗauka, gwargwadon faɗinta da yadda sigina ya fi ƙarfin hayaniyar da ke kewaye da shi. Babu zubin da zai tsallake wannan iyaka. Abin da zubi ke yankewa shi ne yaya za a kusance ta, kuma da wane tsada.

Babban abokin gabar sigina shi ne amsa-kuwwarsa. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙarshen sahu a babban filin idi ya san yadda muryar liman ke iso masa sau biyu ko uku, daga lasifikar kusa, daga ta nesa, da kuma wadda ta bugi katanga ta dawo. Idan mai magana na sauri, kalmomi sukan hau kan juna har a kasa fahimta. Idan ya ja kowace kalma ya ɗan dakata, sai a ji shi tsaf. Haka igiyar rediyo take bugun gini da tudu da motoci, ta iso waya ta hanyoyi da yawa masu bambancin tsawo. Tsofaffin masu sauraron gajeren zango sun san sakamakon, domin tashi da faɗuwar murya a tsakiyar labarai yana faruwa ne idan kwafe-kwafen igiya guda suka haɗu, wani lokaci su ƙarfafi juna, wani lokaci su kashe juna. Igiyar rediyo na cin mita 300 a cikin maikrosakan guda, wato kashi ɗaya cikin miliyan na sakan. Idan aka cika hanya mai faɗin megahaz 20 da gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, kowace gaɓa ba za ta wuce kashi ɗaya cikin ashirin na maikrosakan ba. Ke nan kwafen da ya yi zagayen mita 300 kacal zai faɗo kan gaɓa ta ashirin a gaba, wanda ya yi zagayen kilomita ɗaya da rabi kuma kan ta ɗari. Warware wannan cakuɗa a cikin waya aiki ne mai cin lissafi da batir.

OFDM ya bi ta wata hanya. Ya tsaga faffaɗar hanyar zuwa siraran layuka masu yawa, kowane yana tafiya a hankali, dukkansu a lokaci guda. A 4G, megahaz 20 na ɗauke da layuka 1,200, tsakanin kowane biyu akwai kilohaz 15, kuma kowace gaɓa tana ɗaukar maikrosakan 66.7, fiye da ninki dubu na waccan gajeriyar. An zaɓi tazarar ne yadda a daidai ƙololuwar kowane layi, duk sauran layukan sun sauka zuwa sifili, don haka suna shiga jikin juna ba tare da sun ɓata juna ba. Dabarar ta daɗe a ajiye saboda babu wanda zai ƙera na'urori dubu a cikin akwati guda, har sai da Weinstein da Ebert suka nuna a 1971 cewa lissafin Fourier zai yi aikin duka, ga kuma hanyar gaggauta lissafin da Cooley da Tukey suka wallafa a 1965. A 1980 Peled da Ruiz suka ƙara abu na ƙarshe: a kwafi wutsiyar kowace gaɓa a manna ta a gabanta a matsayin shimfiɗa. A 4G shimfiɗar na da maikrosakan 4.7, wadda ta isa ta shanye amsa-kuwwar da ta yi zagayen kusan kilomita 1.4. Mai karɓa sai ya jefar da shimfiɗar, ya gyara kowane layi da lissafin ninkawa guda ɗaya. Wannan sauƙin ne ya kai OFDM cikin Wi-Fi tun 1999, da talabijin na dijital, kafin ya iso wayar hannu.

Aibobinsa kuwa na gaske ne. Shimfiɗar tana cin kusan kashi 7 cikin 100 na lokaci ba tare da ta ɗauki sabon bayani ba. Gaɓar OFDM tana farawa kwatsam ta ƙare kwatsam, kuma duk siginar da ke da kaifin baki haka yakan yi yoyo zuwa mitocin maƙwabta. Shi ya sa 4G ke barin kashi 10 cikin 100 na hanyarsa fayau a gefe biyu, yana aiki da megahaz 18 cikin 20. Dole kuma duk wayoyin da ke ƙarƙashin ƙarfe guda su daidaita agogonsu da mitarsu sosai, in ba haka ba layukan su fara taka juna. Sannan idan layuka dubu suka yi dace suka tashi tare, ƙarfin siginar yakan yi tsalle zuwa ninki goma na matsakaicinsa ko fiye. Kada a ɗauki maganar filin da ake bari fayau da wasa. A gwanjon da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi a Disambar 2021, MTN da Mafab kowanne ya ci megahaz 100 a zangon gigahaz 3.5 a kan dala miliyan 273.6. Da 5G ya gaji asarar 4G, da megahaz 10 na kowane kaso, abin da ya kai dala miliyan 27, sun zauna ba aiki.

Don toshe waɗannan ɓarakoki ne aka fito da masu neman gadon. Wanda ya fi burge masana lissafi shi ne FBMC, wanda shirin bincike na Tarayyar Turai mai suna PHYDYAS ya inganta tsakanin 2008 da 2010, tare da gudummawar Maurice Bellanger na Faransa. Shi yana tace kowane siririn layi shi kaɗai, ya sassauta farkon gaɓa da ƙarshenta, har yoyon ya kusa ɓacewa, kuma ba ya buƙatar shimfiɗa sam. Gerhard Fettweis da abokan aikinsa a jami'ar fasaha ta Dresden da ke Jamus sun kawo GFDM a 2009, wanda ke ɗaure gaɓoɓi da yawa a dami guda da shimfiɗa ɗaya. Injiniyoyin Alcatel-Lucent a Stuttgart sun kawo UFMC, mai tace layuka rukuni-rukuni. Huawei ya zo da OFDM mai tacewa a kan babban yanki, Qualcomm kuma da dabarar goge kaifin bakin gaɓa kawai. Wani shirin Turai, 5GNOW, daga 2012 zuwa 2015, ya ba su hujja guda mai nauyi: nan gaba ba mutane kaɗai za su cika sararin ba, har da biliyoyin mitocin wuta da na ruwa da na'urorin gona, waɗanda za su farka su aika 'yan lambobi su koma barci, kuma tilasta musu daidaita agogo kafin kowane saƙo ɓarnar batir ce.

Abin da ya kayar da su ya fara ne daga amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa sigina ƙarfi kafin ya fita ta eriya. Amfilifaya ba ta da adalci ga sigina: idan aka tura ta kusa da iyakar ƙarfinta, sai ta danne ƙololuwa, kuma dannewar takan haifar da sabon yoyo. FBMC da UFMC da GFDM duk masu layuka da yawa ne, don haka suna da tsallen ƙarfi irin na OFDM. Tsabtar da suke nunawa a allon kwamfuta, da zarar sun bi ta amfilifayar waya ta gaske, sai mafi yawanta ta tafi, tazararsu da OFDM da aka ɗan goge wa baki ta zama kaɗan. Na biyu shi ne eriya masu yawa. Mafi girman ƙarin gudun da 5G ya samu ya zo ne daga faɗin zango da kuma allunan da ke aikawa da karɓa ta hanyoyi 32 ko 64 a lokaci guda, suna nuna wa kowane mai waya nasa hasken sigina. OFDM ya dace da wannan domin kowane layi nasa lissafin daban ne, mai sauƙi. FBMC kuwa yana sayen tsabtarsa ne da wata dabara: kowace gaɓa tana da ɓangarori biyu a lissafi, shi sai ya aika su a jere, ya bar wani ragowar cakuɗa a ɓangaren da mai karɓa zai yar. Da eriya guda abin yana tafiya. Da eriya da yawa, ragowar takan gauraya da saƙon, sai an yi ƙarin aiki kafin a raba su. Na uku, tacewar da ke kashe yoyo tana jan wutsiya: a tsarin da aka fi sani, kowace gaɓar FBMC tana miƙewa tsawon gaɓa huɗu. Ga dogon bidiyo wannan ba komai ba ne, amma ga gajeren saƙo, wutsiyar ta fi shimfiɗar da aka ce an kawar tsada. Ga shi gajerun saƙonnin ne aka ce an zo yi wa hidima.

Hukuncin 2016 bai watsar da aikin waɗannan masu bincike ba, kuma wannan ne ɓangaren labarin da aka fi mantawa. Ƙa'idar 5G ba ta faɗi irin tacewar da za a yi ba. Ta gindaya iyakar yoyon da aka yarda da shi, ta ce kowane mai ƙera kaya ya cimma ta da dabarar da ya ga dama, muddin mai karɓa ba sai ya san wace ce ba. Da wannan kaɗai, hanyar megahaz 100 a 5G take ɗaukar layuka 3,276 masu tazarar kilohaz 30, wato megahaz 98.28 na aiki. Asarar kashi 10 ta koma ƙasa da kashi 2, kuma a farashin gwanjon Najeriya, abin da aka ceto a kaso guda ya haura dala miliyan 20. An kuma saki tazarar layuka daga kilohaz 15 ita kaɗai zuwa 30 da 60 da 120, daga baya har 480 da 960 ga zanguna na can sama, domin a gajarta gaɓa inda ake son amsa nan take. Ƙananan na'urorin ma an sama musu wuri a cikin gidan: tsarin NB-IoT na 2016 yana zaune a faɗin kilohaz 180 a cikin hanyar 4G, kuma na'ura na iya aika saƙonta a kan siririn layi guda ɗaya tak.

Aibin da ya rage, wanda a ganina ya fi duk sauran muhimmanci ga talaka, shi ne tsallen ƙarfi. Ƙarfen sabis yana fitar da wat gommai zuwa ɗaruruwa, yana da wutar lantarki da na'urorin gyara siginarsa. Waya kuwa a 4G da 5G galibi an ƙayyade mata kashi ɗaya cikin biyar na wat guda. Saboda haka a bakin iyakar sabis, yawanci muryar waya ce ke fara kasa isa ƙarfe, ko da ita tana jin ƙarfen. Wannan na daga cikin dalilan da mutum zai ga sanduna a fuskar wayarsa amma saƙon muryarsa ya ƙi tafiya. Idan siginar na tsalle ninki goma, dole wayar ta ja da baya daga cikakken ƙarfinta don ta bar wa tsallen wuri, sai nisanta ya ragu. GSM bai san wannan matsala ba, domin ƙarfin siginarsa a miƙe yake ba ya hawa ba ya sauka. Masu tsara 4G sun ga haɗarin, shi ya sa ga saƙon da ke hawa daga waya zuwa ƙarfe suka zaɓi ƙanin OFDM da ake kira DFT-s-OFDM. Shi yana shafa kowace lamba a kan duk layukan da aka ba wayar kafin a aika, sai siginar ya fito kusan kamar mai layi guda, tsallensa ya ragu. 5G ya riƙe biyun: OFDM ga wanda ke kusa yana son gudu, ƙanin ga wanda ke nesa, kuma a sabuntawa ta 18 ta ƙa'idojin 3GPP an ba ƙarfe ikon sauya wa waya daga wannan zuwa wancan cikin hanzari.

Ribar ƙanin ba ta wuce kimanin desibel 2 ba, kuma a kunne adadin ƙarami ne. A aikace yana nufin ƙarin ƙarfi fiye da rabi. Idan aka bi yadda sigina ke raunana a ƙasa mai gidaje da itatuwa, wannan na iya miƙa nisan waya da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, filin da ƙarfe guda ke rufewa kuma ya ƙaru da kashi 20 zuwa 30. A birnin da ƙarafa ke kallon juna ba za a lura ba. A karkara, inda kowane ƙarfe ke buƙatar janareta da dizal da mai gadi, kuma kamfani ke lissafin ko ƙauyen zai mayar da kuɗin, wannan ƙarin ne ke raba garin da ke cikin sabis da wanda mutanensa ke hawa tudu. Matsalar kuma ƙaruwa za ta yi. Taron rediyo na duniya da aka yi a Dubai a 2023 ya ware gigahaz 6.425 zuwa 7.125 ga wayar salula a yankin da ya haɗa Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya, kuma kusa da nan ake sa ran 6G zai kafa sansani. Duk lokacin da mita ta hau, sigina yakan ƙara wahalar ratsa bango da ganye. Ƙarfe zai iya ramawa da ƙarin eriya, amma waya ba ta da wurin sa su, batirinta kuma bai ƙaru ba. Don haka a wurina duk zubin da bai rage wa amfilifayar waya nauyi ba, ya amsa tambayar da ba ita ce ta fi damun jama'a ba.

Suka mafi ƙarfi tana zuwa daga magoya bayan OTFS, dabarar da Ronny Hadani da Shlomo Rakib na kamfanin Cohere Technologies suka ƙirƙiro, wadda ta bazu tsakanin masu bincike daga 2017. Hujjarsu tana kan motsi. Tun 1842 Christian Doppler ya bayyana cewa mitar igiya takan sauya idan mai aikawa ko mai karɓa na tafiya, abin da kowa ke ji a jiniyar motar da ta taho ta wuce. OFDM ya dogara da tsayuwar layukansa a inda aka ajiye su, motsi kuma yana gusar da su. OTFS ba ya ajiye bayani a kan lokaci da mita. Yana ajiye shi ne a kan jinkirin kowane amsa-kuwwa da gudun abin da ya dawo da shi. Hikimar a fili take: ƙarfin sigina na iya sauyawa sau ɗaruruwa a sakan, amma ginin da ya mayar da shi bai motsa ba, motar da ta mayar da shi ma gudunta bai sauya ba a ɗan wannan lokaci. Ta wannan fuska hanyar takan zama a natse, kuma kowace lamba tana cin moriyar duk faɗin zangon. Suna kuma nuni da cewa tsarin da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta fitar wa 6G a 2023 ya ambaci gudun kilomita 500 zuwa 1,000 a awa, da haɗa waya da tauraron ɗan'adam.

Lissafi ne zai raba gardamar. A gigahaz 3.5, motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana gusar da mita da kimanin haz 390. Jirgin ƙasan Sin mai kilomita 350 a awa yana gusar da ita da haz 1,130 ko kusa da haka, ƙasa da kashi 4 cikin 100 na tazarar kilohaz 30, kuma fasinjojinsa suna amfani da 4G da 5G a yau. Tauraron ɗan'adam na kusa da ƙasa, mai gudun kilomita 7.5 a sakan, shi ne ya zarce: a gigahaz 2 gusawar na iya kusan kilohaz 50, fiye da tazarar layi uku na 4G. To amma hanyar tauraro galibi ɗaya ce miƙaƙƙiya, kuma an san inda yake da inda zai kasance. Sabuntawa ta 17 ta ƙa'idojin 3GPP, wadda aka kammala a 2022, ta sa waya ta san matsayinta ta hanyar taurarin nuna wuri, ta cire gusawar tun kafin ta aika. Inda OTFS ke da fifiko na haƙiƙa shi ne inda amsa-kuwwa ke da yawa kuma kowane da nasa gudun, kamar motoci masu magana da juna a babbar hanya. Wannan fifiko ba ƙarya ba ne, sai dai ana biyan sa da mai karɓa mai nauyin lissafi da jiran dami ya cika kafin a warware shi. Kuma ana iya gina OTFS a matsayin ƙarin lissafi a saman OFDM, kamar yadda aka gina ƙanin nan. Abin da za a iya kunnawa ga mai buƙata, babu dalilin ɗora kuɗinsa a kan kowace waya a duniya.

Akwai masu cewa duk wannan ado ne, gaskiyar magana ita ce manyan kamfanonin da ke cika kujerun 3GPP suna da haƙƙin mallakar ƙirƙira da masana'antu da aka gina a kan OFDM, ba za su sare reshen da suke zaune a kai ba. Ban musa cewa son kai na da kujera a ɗakin ba. Inda ake raba biliyoyin daloli dole ya halarta. Amma zargin bai bayyana komai da kyau ba, domin Huawei da Alcatel-Lucent manya ne a lokacin, kuma da nasu zubin ya ci da sun fi kowa riba. Waɗannan kamfanoni kuma sun taɓa yin watsi da tushen 3G gaba ɗaya lokacin da OFDM ya nuna fifikon da ba ya musuntuwa. Sannan ci gaba a kan tushe guda yana da amfanin da ya wuce aljihun kamfani. Saboda 5G na iya aiki da tazarar kilohaz 15 irin ta 4G, ana iya zaunar da su biyun a hanya guda, a riƙa raba ta gwargwadon wayoyin da ke wurin a kowane lokaci. Irin wannan zaman ake shirya wa 5G da 6G. A ƙasashen da mutane ke riƙe waya shekaru, inda 2G ke aiki har yau kuma 5G ya fara a 2022 kawai kamar Najeriya, tsarin da zai ce sai an kwashe tsofaffin wayoyi daga zango kafin sabo ya shiga, masu ƙaramin ƙarfi zai fara kora.

Akwai wuraren da nake ganin OFDM zai ja baya, kuma ya kamata ya ja. A can sama da gigahaz 100, amfilifaya ba ta da ƙarfi, agogon na'ura na rawa, kuma siginar siriri ne da ba ya tara amsa-kuwwa da yawa. A nan zubi mai layi guda ya fi dacewa, kuma ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta 2017 ga zangon gigahaz 252 zuwa 325 shi ta zaɓa. Haka nan 6G na son ƙarfen sabis ya zama kamar rada, ya gane nisa da gudun abin da ke kewaye da shi, kuma masu zubin da mitarsa ke zamewa daga ƙasa zuwa sama, irin na radar mota, suna da abin faɗa a nan, ko da yake an daɗe da nuna cewa OFDM ma na iya aikin. Waɗannan ɗakuna ne na musamman da za a iya ƙarawa, kuma 3GPP ba ta rufe ƙofarsu ba.

Ana sa ran 6G zai shiga kasuwa wajen 2030, kuma ƙa'idojinsa yanzu ake rubuta su. Kamfanonin sadarwa da hukumomin Afirka suna da murya a ITU da wajen masu sayar musu da kaya, kuma inda ya kamata su sa ta shi ne kan duk gyaran da zai rage tsallen ƙarfi a siginar da ke hawa daga waya, ko da ya rage ɗan gudu a tsakiyar birni. Idan kuma NCC ko takwararta ARCEP ta Nijar za su ba da lasisin sabon zango, su rubuta sharaɗin isar sabis da gudun da waya mai araha ke iya aikawa daga bakin iyaka, su kuma aika ma'aikata ƙauyuka su auna shi.